Alƙalancin Lasifika a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a Babura ba. Ko na so in manta ma ba hali, domin Allah ya haɗa ni da ƙanin mata wanda ya ɗauki tuna mini da ita a matsayin aikin lada.

Ni ma'aikacin gidan rediyo ne. A ɗakin haɗa sauti na fara, na koma karanta labarai, daga baya aka ba ni shirin al'adu na mako-mako. Idan mutum ya daɗe yana wannan aiki, yakan fara jin abin da sauran jama'a ba sa ji, sannan (nan cutar take) yakan fara gaya musu. A Kazaure an san ni da wannan hali. Na taɓa tashi a tsakiyar walima na je na rage wa mai kayan sauti ƙarar na'urarsa, ban san shi ba, bai san ni ba. Matata ta yi mako tana gaishe ni a taƙaice.

Ƙanin nata, Alhaji Sale, fataucin hatsi da dabbobi yake yi tsakanin Babura da tsallaken iyaka, kuma Allah ya buɗa masa. Da ya gama sabon falonsa sai ya ce lasifika yake so. Ba irin ta biki ba, wadda ake ɗorawa a kan mota a hana unguwa barci. Irin ta zama yake nufi, mai tsadar nan da ake shigowa da ita daga waje, wadda mutum zai zauna a gabanta ya ji kamar mai waƙar yana cikin ɗakin. Wani mai sayar da su a Kano, Malam Nasiru, ya yarda ya kawo masa iri biyu har gida ya gwada ya zaɓa.

Sai ya kira ni a waya.

"Sarkin Kunne," in ji shi (haka yake kirana, kuma a lokacin ina jin daɗin sunan), "ka zo ka yi mana aikin da aka halicce ka dominsa. Ni gero nake iya bambantawa ido rufe. Wannan kam sai ku masu kunnen gwamnati."

Da don Sale ne kawai, da na ce masa ya ɗauki wadda ta fi dacewa da launin kujerunsa. Amma akwai abin da ya fi lasifika a cikin maganar.

Surukata, wadda ke zaune a gidan Sale kuma kowa ke kira Inna, Bafulatanar Gwiwa ce, kuma tana riƙe da wasu tsofaffin waƙoƙin bege da ta koya a bakin kakarta. Ba su cikin littafi, ba su cikin kaset, kuma babu ɗaya daga cikin 'ya'yanta da ya haddace su. Na yi shekara da shekaru ina aika roƙo ta hannun matata a bar ni in ɗauke su saboda shirina, kullum amsar ɗaya ce: "A bari tukuna." Ga shi matata ce 'yar farinta, don haka kunyar da ke tsakanina da Inna ninki biyu ce. Sama da shekara ashirin ina zuwa gaishe ta, ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. Nakan durƙusa a bakin ƙofa in yi ta jero gaisuwa, ita kuma tana can bayan labule tana amsawa da wani abu da ke tsakanin "lafiya" da numfashi. Ni da ke tutiyar sanin muryar rabin jihar, ban san muryar uwar matata ba.

To, Sale ya lallashe ta ya ɗauki waƙa ɗaya da ƙaramar na'urar da na ara masa, bisa sharaɗin ba za ta fita daga gidan ba, ko ni ba a ba ni na ji ba. Kuma a daren Juma'a matata ta gaya mini cewa Inna ta ce za ta saurari yadda ƙarfe zai fitar da muryarta a wajen gwajin lasifikokin. In ta ji babu abin kunya, za ta bar ni in ɗauki sauran. In ta ji akasin haka, a rufe maganar har abada.

Kun ga ke nan ba da wasa na shiga mota ba.

Mun isa bayan azahar, ana tsakiyar zafin bazara. Matata ta wuce cikin gida wurin uwarta, ni kuma na shiga falo na tarar da Sale, da Malam Nasiru, da abokan kasuwar Sale guda biyu da suka zo kallo, kowa da kofin furarsa. Ga kaya an kwance. Iri na farko dogaye ne guda biyu, tsayinsu ya kai ƙirjina, katakonsu ja yana ƙyalli har kana ganin fuskarka. Iri na biyu gajeru ne baƙaƙe, a kan ƙafafun ƙarfe, ba su da wani fasali, kamar akwatin da aka manta a tasha.

Malam Nasiru ya buɗe baki zai faɗi farashi, na ɗaga masa hannu.

"Malam, riƙe kuɗinka a ciki. Kunnen da ya ji farashi ya riga ya karɓi cin hanci."

Abokan Sale suka kalli juna suka gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kai shi ya ƙara zuga ni.

Na tuɓe babbar riga na shiga aiki. Na sa aka fitar da teburin gilashi, domin yana mayar da sauti. Na zaɓi bangon da ke da ƙofar shiga cikin gida, saboda ya fi faɗi kuma akwai labule mai kauri a ƙofar da zai shanye amsa-kuwwa. Na jera lasifikokin, ɗaya na kowane iri a dama da ƙofar, ɗaya a hagu. Har na yi musu ɗan darasi: idan lasifika ta kirki ce, na ce, ba za ka ji murya daga dama ko hagu ba, za ka ji ta a tsakiya, kamar daga cikin labulen nan take fitowa. (Ku riƙe wannan jimlar. Sale ya riƙe ta.)

Na daidaita ƙarfin sautin iri biyun har suka zo ɗaya, domin wadda ta fi ƙara ko da kaɗan ne takan yaudari kunne ya ce ta fi daɗi. Sannan na bi duk abin da ke motsi a falon. Fanka, a kashe. Firij, a zare. Na'urar sanyaya ɗaki, a kashe. A kusurwa akwai akwatin sola da ke karɓar gidan idan an ɗauke wuta, yana ɗan ƙugi ƙasa-ƙasa wanda ni kaɗai nake ji.

"Shi ma a kashe," na ce.

"Yaya, in aka ɗauke wuta fa?"

"Alhaji, ana maganar ilimi kana maganar wuta."

Ya kashe. Nan da nan falo ya koma tanda. Ɗaya daga cikin abokan ya ɗauko mafici, na dube shi, ya ajiye.

Saura ido, wanda shi ne babban maƙiyin kunne. Duk wanda ya ga jan katakon nan yana ƙyalli, zuciyarsa ta gama zaɓe tun kafin a kunna komai. Don haka na karɓi hiramin Sale na naɗe fuskata tam, na zauna a kujera daidai tsakiya, ina fuskantar labule. Malam Nasiru ya zo da wani ɗan akwati mai maɓalli da ke juya sauti daga wannan iri zuwa wancan. Na umarci Sale ya riƙa juyawa a tsakiyar baiti, yadda ya ga dama, kada ya gaya mini. Doka ta ƙarshe kuma, babu mai magana, babu mai tari, babu mai taɓa ni, har sai na kwance hirami da hannuna. Inna kuwa, a lissafina, tana can ƙuryar ɗakinta, sai maza sun watse za a kira ta ta saurara.

Sale ya kunna waƙar Inna da ya ɗauka.

Gaskiya tsigar jikina ta tashi. Karo na farko ke nan da na ji muryar Inna a buɗe, ba kiɗa, ba komai, ita kaɗai tana yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wani kari da ban taɓa jin irinsa ba. Muryar ta fito da kauri da taushi, sumul kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Na ce a raina, wannan ita ce ta ɗaya, kuma da wuya a doke ta.

Sai na ji ƙas, ya juya. Murya dai ita ce, amma an tuɓe mata riga. Ga wani ɗan fito siriri a kan wasu haruffa. Ga jan numfashi kafin kowane baiti. Ga wata 'yar rawa a ƙarshen layi. Na yamutsa fuska a ƙarƙashin hirami. Wannan ce ta biyu, na ce a raina, kuma in Inna ta ji kanta a cikinta, waƙoƙin nan sun tafi ke nan.

Ya koma ta ɗaya, na saki jiki. Ya dawo ta biyu, na ɗaure. Ya sake komawa ta ɗaya. Muna cikin wani baiti mai daɗi sai sauti ya yanke ɗif.

Na ce a raina Sale ne ya rikice da maɓalli, ɗan kasuwa da kayan ilimi. Sai muryar ta ci gaba daga daidai kalmar da ta tsaya, daga tsakiya, daga cikin labule, kamar yadda na koyar. Ga fiton nan, ga numfashin, ga rawar, duk sun dawo, har sun fi na ɗazu fitowa fili. Ban yi shakka ba ko kaɗan. Ta biyu ce.

A nan ne ya kamata in yi shiru in jira ƙarshe. Amma dokar hana magana ai don su na kafa ta, ban da ni. Na ɗaga yatsa, na gyara murya irin ta labaran ƙarfe bakwai.

"Jama'a, ku kasa kunne, ga ta biyu ta dawo, kuma yanzu ta gama tona kanta. Kun ji wannan fiton? Kamar iska na bi ta giɓi."

Na ji an ja gefen rigata. Na kaɗe hannun.

"Alhaji, doka. Kun ji ƙarshen baiti yana rawa? Wannan alamar tsufa ce, cikinta ya saki. Ku ji numfashi, sai ka ce ta hau dutsen Kazaure a guje. Har jan waƙar take yi, ba ta iya riƙe gudun da aka fara da shi."

Aka sake jan rigar, wannan karon da ƙarfi har wuyan ya shaƙe ni.

"Alhaji Sale, in ba za ka iya zaman ilimi ba, ka fita. Malam Nasiru, tsakaninka da Allah, wannan ba sabuwa ba ce. Ta sha aiki a hannun wani. Shawarata ita ce a naɗe ta a mayar da ita inda aka ɗauko ta."

Muryar ba ta fasa ba. Ta kai baitin har ƙarshe, ta rufe da salati, ta tsaya. Sai ɗan tari. Ko a nan ban farga ba, cewa na yi Sale bai iya yanke ɗauka ba, sai na koya masa.

Sai muryar ta ce, "Sale."

Daga gefena aka amsa, da wata murya kamar ta wanda ake shaƙewa, "Na'am, Inna."

Na yi shekaru ina aiki da na'urori iri-iri. Ban taɓa ganin wadda ke kiran mutum ya amsa ba.

"Gaya wa baƙonka," in ji muryar, a natse, "gaskiya ya faɗa, ta sha aiki. Amma wanda ya ɗauko ta ya riga mu gidan gaskiya, babu wurin mayarwa. Sai dai a yi haƙuri da ita haka."

Ban san lokacin da na kwance hirami ba. Abu na farko da na gani shi ne na'urar ƙara sauti, duk 'yan fitilunta a mace. An ɗauke wuta. Da fanka na juyawa da na ji ta tsaya, da firij na aiki da na ji ya yi shiru, da akwatin sola na kunne da waƙar ba ta ma yanke ba, amma wani mai ilimi ya sa an kashe su duka. Abu na biyu kuwa yana ƙasan labule: bakin tabarma, da 'yan yatsun ƙafa masu jan lalle.

Ashe tun da aka kunna Inna ta taso ta shimfiɗa tabarma a bayan labulen tana saurare, tunda ba za ta shigo inda suruki yake zaune ba. Kuma a wurinta ba a barin baitin yabo a rataye. Haka kakarta ta hore ta. Da ƙarfe ya saki waƙar a tsakiya, sai ta ɗauka daga inda ya yar, ta ƙarasa.

Na duba falo. Malam Nasiru ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar shi aka ba kwangilarsa. Ɗaya abokin ya cusa fuska cikin hularsa, kafaɗunsa na rawa. Ɗayan ya fice ba takalmi, ina jin sa a waje yana dukan bango. Sale kuwa yana kwance a kan darduma, ya ciji matashi, hawaye na bin kumatunsa.

Na zame daga kujera na durƙusa. An taɓa ɓatar mini da takardar labarai ana saura daƙiƙa a buɗe makirfo, na yi magana ba gargada har aka samo ta. An taɓa ɗauke wuta ina tsakiyar hira da babban baƙo, ban daburce ba. Amma ran nan na laluba cikin kaina kaf, na tattaro duk Hausar da na mallaka, ga abin da ya fito:

"Inna... ina wuni?"

"Lafiya lau," ta ce. Sarai, da ƙarfi, karo na farko a tarihin aurena.

Sale ya saki matashi. "Sarkin Kunne," in ji shi yana shessheƙa, "in kira mai mota a mayar da ita Gwiwa, ko da kanka za ka kai ta?"

"Sale, ka ji tsoron Allah," na ce ƙasa-ƙasa.

"Ai ni na ja rigarka sau biyu. Ka ce ba na iya zaman ilimi."

Inna ta yi gyaran murya, kowa ya nutsu.

"Sale, tambaye shi. Wacce ce ya ce ni ce ita?"

Sale ya dube ni. Na ce, ina kallon darduma, "Ta biyu."

"Wacce ce ta biyun?"

Sale ya nuna gajerun baƙaƙen nan marasa fasali, ya ce mata, "Ƙananan, Inna." (Sai a lokacin na lura da irin kamar da suke yi da waɗanda muke aiki da su a ɗakin haɗa sauti, waɗanda aka ƙera don su faɗi gaskiya ko ba daɗi. Na zauna gaban 'yan uwansu rabin rayuwata.)

"To su za ka saya," in ji Inna. "Ta farkon nan yarinya ce, ban san ta ba. Ina ji ina cewa, 'yar wa ce wannan take rera waƙar kakata?"

Aka ji motsin naɗe tabarma, ta koma ciki.

A nan na gane inda na faɗi. Kunnena bai yi ƙarya ba, har ya cancanci yabo, tunda ya ji mutum da ransa ya ce lasifika ta biyu ce, abin da ke nuna ta biyun ba ta ƙara ba ta rage ba. Hukuncina ne ya karkace. Na zauna alƙalanci tsakanin masu kwaikwayo biyu ban taɓa jin wadda suke kwaikwaya ba, sai na ba mai yi mata kwalliya gaskiya, na kama mai faɗin gaskiya da laifi.

Aka dawo da wuta, fanka ta ci gaba da tsayuwa tunda a kashe take, ba wanda ya tuna ya kunna. Na ƙi fura, na ƙi tsayawa cin abinci. Bayan la'asar muka kama hanyar Kazaure. Matata tana gefena ta rufe baki da mayafi har muka bar gari. Ni kuwa lissafi nake yi: waƙoƙi sun tafi, mutunci ya tafi, saura in ji ko auren yana nan.

"Kin ji abin da ya faru?" na tambaya.

"Ji? Ina zaune kusa da ita a kan tabarmar." Sai dariyar da ta riƙe tun azahar ta ƙwace, har na rage gudu don kada ta shaƙe. "Iska na bi ta giɓi! Malam, uwata!"

"Ki taya ni ba ta haƙuri. Maganar ɗauka kuma na san ta mutu."

Ta share ido da bakin mayafi. "Ta ce ka zo Asabar mai zuwa da na'urarka."

Na taka birki a gefen titi.

"Ta ce mu 'ya'yanta kullum ce mata muke muryarta na nan kamar da, shi ya sa take ta cewa a bari tukuna. Yau ta ji daga bakin wanda bai san tana ji ba cewa numfashin ya fara gajarta. Ta ce in haka ne, gara a ɗauka tun da sauransa." Ta ɗaga mini yatsa. "Amma da sharaɗi. Kada ka goge fiton, kada ka goge numfashin. Ta ce ba ta son a mayar da ita yarinyar nan."

Haka aka yi. Asabar bayan Asabar ina zuwa Babura, in durƙusa a bakin ƙofa in tura makirfo ta ƙarƙashin labule, ita tana ciki tana rerawa, har muka ɗauke su duka. Suna nan a ajiye yadda ta yi su, da fitonsu da numfashinsu, kuma duk ranar da na sa ɗaya a shirina sai an kira ana neman a maimaita. Sale ya sayi gajerun, ko da yake har yau yana kukan jan katakon da ya so baƙi su riƙa gani.

Sunana ne dai bai farfaɗo ba. A kasuwar Babura, in za a sayar da tsohuwar saniya, sai wani ya ce a kira surukin Inna ya saurare ta. Kuma duk sanda na je gaisuwa na ce "Inna, ina kwana," sai in ji daga bayan labule, "Sale, gaya masa tsohuwar lasifika tana amsawa."

Har gobe ina nan a kan bakana cewa ba a yi wa sauti adalci sai an rufe ido. Abin da na ƙara a kan dokokina guda ɗaya ne: kafin in rufe nawa, sai na fara leƙa ƙarƙashin kowane labule da ke ɗakin.